Wuyan Hanifa da Kaskon Hayaƙi

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na fito da mutanen benenmu kaf bakin titi ba, wasu ko takalmi babu. Amma bari in faro daga tushe.

Tun da muka zo Dubai tsorona ɗaya ne, kada wani abu ya sami 'yata Hanifa, ga ni ba uwa kusa ba dangi. Karatuna bai yi nisa ba, Turancina na sayen tumatir ne, babanta kuma kullum yana kasuwar Murshid Bazaar wajen ɗaure kayan kago. Ko tari ta yi sai na kira Kano.

Ana nan sai yarinya ta fito da sabon abu. Za ta tsaya tsakar falo, kafaɗa ba motsi, wuyanta ya zame dama ya zame hagu kamar ba a jikinta yake ba, idanu na biye da shi. Ta murɗe yatsu, ta ɗage ƙafa ɗaya, ta ƙame. (Kada ki ce ban san rawar Indiya ba. Na sani mana, amma ta fim da kiɗa ake yi, ana guje-guje cikin furanni. Wannan shiru ake yin ta, fuska a ɗaure.)

Na ɗauki bidiyo na tura wa Umma. Kafin in ajiye wayar ta kira.

"Innalillahi! Kin tsallaka ruwan nan da ita da magariba ko?"

Na tsallaka da ita kuwa, a abra, ƙaramin jirgin da ke kai mu Deira.

"To iska ce. Ki yi mata hayaƙin habbatussauda, ki rufe ƙofa da taga."

Baban Hanifa ya ce, "Maman Hanifa, ki bari in dawo mu je asibiti." Na ce to. Yana fita na hura gawayi a kasko, na zuba habba ba awo, na ƙara da ɓawon tafarnuwa don kaina.

Hayaƙi na kaiwa silin wani abu ya ɗauki ihu. Ƙararrawar gobara! Kan ka ce me duk benen ya amsa, mai gadi na dukan ƙofofi yana "Yalla! Yalla!" Na suri Hanifa na bi mutane a guje. Sai da muka tsaya cikin ranar nan ta Bur Dubai na lura kowa ni yake kallo. Na duba hannuna. Kaskon ne, yana ta hayaƙinsa. Jakar fasfo na bari, kasko na ceto.

Ina neman inda zan nutse sai ga Anti, tsohuwar 'yar Indiya da ke ƙofar da ke kallon tamu, wadda nake bar wa Hanifa in zan shiga kasuwa. Ɗanta na riƙe da ita saboda ciwon gwiwa. Hanifa ta fizge ta tsaya gabanta, wuya ya zame. Na ce, "Wayyo, abin ya motsa!"

Sai na ga wuyan tsohuwa ma ya zame. Dama, hagu, ido na bi. Ta kama yatsun yarinyar ta gyara mata su, ta ɗaga mata haɓa. Mutane suka hau tafi.

Baban Hanifa ya iso yana haki, shi ya fassara mini bayanin ɗan. Ashe Anti tun tana ƙarama take irin rawarsu ta gargajiya, ta yi ta a ƙasashe daban-daban gaban dubban mutane. Da gwiwa ta gaza sai ta koma bin tsofaffin wuraren bautarsu tana nazarin masu rawa da aka sassaƙa a jikin dutse, ta rubuta littattafai, ta koyar a jami'a. Tsayuwar ƙafa ɗayan nan, a hotunan littafinta Hanifa ta gani. Wai wuyan nan ɗalibanta kan daɗe ba su iya ba. Ni kuma duk zamanmu ban san komai a kanta ba sai cewa tana son shayi da citta.

Anti ta dubi kaskon, ta dube ni, ta ɗage gira ɗaya. Wannan bai buƙaci fassara ba.

Da muka hau sama na ce, "Hanifa, me ya hana ki gaya mini Anti ce ta koya miki?"

Ta ce, "Ai ba ki tambaye ni ba, Mama."

Na tambayi Kano, na tambayi mijina, mai wuyan kawai na tsallake. Alhamdulillahi lafiyarta ƙalau, ni ce dai mai gadi ke shinshina iska duk sanda na wuce.

Don Allah 'yar'uwa, in ɗanki ya zo da abin da ba ki gane ba, ki fara tambayarsa. In kuma sai kin yi hayaƙin, ki ɗaga kai ki dubi silin tukuna.