Ramin da Siddo Ya Cike

Jama'a, ranar wata Talata babur mai ƙafa uku na maƙwabcina Siddo ya ɗaga ƙafafunsa duka ukun sama a hanyar Bengu zuwa Gaya. Rake Siddo ke ɗaukowa daga fadama yana kawowa kasuwa, da shi yake ciyar da gidansa. Ran nan matarsa Ajuma na zaune bisa kayan, ta je gaida tsohuwarta. Ramin da ya kayar da su kuwa ba baƙo ba ne. Damina uku ke nan yana wurin, kullum sai ƙara ƙiba yake, har 'yan kabu-kabu sun mai da shi abin kwatance. Rake ya watse, mutane suka taya tsinta, wasu don Allah, wasu don bakinsu. Ajuma ta karye a hannun dama, hannun da take tuyar ƙosai da shi.

Washegari da safe na shiga duba ta. Na tarar Siddo ya yi tagumi, rediyo na ta zuba. Wani babban mutum ne ke jawabi, cikin waɗanda motarsu ba ta jin rami. Allah ya ƙara masa sanyin biro, wato ofis, magana yake kamar zuma: wai ciwon talakan ƙasar nan yawan ƙorafi, wai mutum ya daina kallon matsala, ya kalli mafita.

Ni na yi dariya. Siddo bai yi ba.

"Maƙwabci," ya ce, "mutumin nan fa gaskiya ya faɗa. Shekara uku ina zagin ramin nan, ko ƙasa cikin cokali ban taɓa zuba masa ba."

Ajuma ta ɗago hannunta da aka ɗaure da kara ta ce, "Malam, in dai za ka je, ka je da shebur. Kada ka je da baki."

Haka kuwa aka yi. Siddo ya samu Harun, mai tsohon kamiyo da sai an tura yake tashi, ya jido musu duwatsu da jar ƙasa. Manoman da ke bin hanyar suka kawo diga da shebur. Kwana uku suna zubawa suna daɓewa, rana na dukansu. Ranar Asabar Siddo ya bi ta kan wurin da cikakken lodi, ko gyangyaɗi babur bai yi ba. Ya juyo ya sake bi don daɗi.

Ranar Litinin sai ga farar mota. Wani mushe, wato babban ma'aikacin gwamnati, ya fito da takalmi mai ƙyalli da takardu a hammata, daga wani biro mai dogon suna da ko shi sai ya huta a tsakiya in yana faɗa. Mu kira shi Mai Girma Sarkin Nazari. Ya dubi takarda, ya dubi ƙasa, ya yi gaba, ya dawo baya. Siddo na zuwa wucewa mushen ya tare shi.

"Kai, ina ramin da ke nan?"

Siddo ya washe baki, a zatonsa lambar yabo ta zo. "Mu muka cike shi, ranka ya daɗe."

"Da izinin wa?"

"Da izinin rediyo, ranka ya daɗe."

Sarkin Nazari ya dafe kai. Ashe ramin nan babban rami ne, mu ne jahilai ba mu san darajarsa ba. Yana da lamba, goma sha huɗu. Yana da hoto ta gabas da ta yamma. An yi taro uku a kansa a Yamai, an ci kaji, an sha lemo. Yana cikin dosiye, wato kundin takardun hukuma, kuma ranar Alhamis manyan baƙi za su zo su gan shi da idonsu kafin su sa hannu a fara tunanin gyara shi.

"Yanzu me zan nuna musu? Hanya mai kyau? Kun kashe mana aikin shekara biyu! Kafin Alhamis ina son ramina yadda na bar shi."

Siddo ya ce mini a lokacin sai da ya ji kunnuwansa sun yi zafi. Ya tuna ƙarar da Ajuma ta yi sa'ad da hannunta ya bugi ƙarfen babur. Maganar da ta zo masa baki, da ya sake ta, da a bayan kanta zai kwana. Ya haɗiye ta. Ya ce a ransa, to, wannan ma ai matsala ce, bari a nemi mafita.

"Ranka ya daɗe," ya ce, "dole sai wannan ramin, ko kowane rami zai yi?"

Mushe ya matso kusa. "Kana da wani?"

"Rami? Ranka ya daɗe, shi ne arzikinmu. Biyo ni."

Babur a gaba, farar mota a baya. Ba su yi nisa ba Siddo ya nuna masa wani ƙato, mai ruwa kwance a ciki har da kwaɗi. Sarkin Nazari ya zagaya shi sau biyu, fuskarsa ta yi haske kamar an yi masa albishir da haihuwa.

"Wannan ai ya fi na da kyau!" Ya kama hannun Siddo yana girgizawa. "Irinku ƙasa ke buƙata, masu kawo mafita."

Ranar Alhamis baƙi suka zo cikin motoci shida. Suka tsaya bakin rami suna kaɗa kai cikin tausayi, aka yi hoto, aka yi tafi. Kafin su tafi aka kafa allo mai fenti: an hana kowa taɓa wannan rami, yana hannun hukuma.

Da Siddo ya ba Ajuma labari, ta yi dariya har hannunta ya motsa ta yi ƙara. Ta ce, "Malam, allon nan rami ɗaya ya hana. Sauran fa?"

Tun daga ranar, kowace Asabar Siddo da Harun da duk wanda ya ga dama suna fita da shebur. Zuwa yanzu sun cike tara. Rake na isowa kasuwa da ruwansa, Ajuma ta koma bakin kaskonta, ko da yake hannun na yi mata tsami in ta daɗe tana juyi. Ramin hukuma kuwa yana nan lafiya lau, an yi masa 'yar hanya ta gefe ana kewaye shi cikin ladabi. Harun ya so su zuba masa ko kamiyo guda a ɓoye, Siddo ya hana.

"Bar musu," ya ce. "Su ma suna da iyali."

Ni kuwa akwai wani ɗan rami da ya fara tasowa a ƙofar gidana. Shebur na jingine a zaure, amma ban taɓa shi ba tukuna. Ina jira in tabbatar ba a riga an ba shi lamba ba.