Ranar da Kaka Ta Faɗo Cikin Bidiyon Rok

"Lafiya lau na tashi, sai da na gan ka abin ya lalace," in ji Kaka. "Maigida, wannan doguwar gaisuwa fa? Me ka ɓata?"

Ai kuwa ta gano shi. Jikan nata, mai sana'ar haɗa bidiyo, yana durƙushe a falo rungume da kwamfuta, gumi na tsattsafo masa. Shi ya ɗauki bidiyon sabuwar waƙar abokansa masu kiɗan rok, a garejin gidan nan. Ana tsakiyar ɗauka Kaka ta faɗo musu tana masifa, kyamara kuwa ba ta san kunya ba, ta kwashe komai. Da mawaƙin ya gani sai ya rantse in ba tsohuwar nan, to ba bidiyo. Yau za a sake shi, shi kuma bawan Allah bai isa ya watsa fuskar kakarsa a duniya ba da izininta ba. Tsoro yake ji, ba na wasa ba.

"Amarya, aiki na kawo ki duba mini. Ke ce mai ido a gidan nan, ko da yake ɗaya ne ke aiki."

"Ɗayan ya ishe ni ganin mummunan miji. Kunna."

Ya kunna. Gita ta kwarma ihu, ganguna suka rikice, wasu samari masu gashi buzu-buzu suka hau kaɗa kai.

"Innalillahi! Kwarkwata ce ta dame su?"

"Salo ne. Kan yana bin ganga."

"Shi kuma wannan ramammen, wa ya taka masa ƙafa?"

"Mawaƙin ke nan. Cewa yake ba shi da kowa, ko ya ɓace ba mai cigiyarsa, ba mai kiransa gida."

"To ya faɗa a hankali mana! Da wannan ihun, ko ni ce uwarsa ƙaura zan yi. Ina kalar hoton? Ta ƙare muku?"

"Baƙi da fari na nufin rayuwarsa ba daɗi."

"Talabijin ɗinmu na farko haka yake, kuma muna jin daɗinmu. Wannan hayaƙin fa?"

"Ruɗewar zuciya."

"Ruɗewar gidanku! Tsohuwar katifata ce kuka ƙona, na gane ta ko a hoto."

Ya yi kamar bai ji ba. A allon kuwa mawaƙin ya naɗe kansa ya shige cikin firij, ya ja ƙofa.

"Nan sanyin kaɗaici muke nunawa," in ji jikan.

"A mataccen firij? Wanda ɓeraye suka bar shi saboda zafi? Ka ce gashin kaɗaici dai. Kai, wancan me gitar ta yi masa yake maka ta da bango? Ita ce ta ƙi kiransa gida?"

"Fushi ne, tsohuwa. Ke kin san fushi, shi kike karyawa da shi kullum."

"Kazar nan da ke kan ganga fa, me take nufi?"

"Ita ba mu gayyace ta ba."

"To ita kaɗai ke bin kiɗan."

Nan fa aka zo wurin da yake tsoro. Kiɗa ya ɗauke ɗif, ƙofar gareji ta buɗe, sai ga Kaka, ɗankwali a karkace, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu, tana cewa, "Ku kashe wannan masifar ku zo ku ci abinci kafin ya huce, 'yan banza! Har da kai na cikin firij!"

Kaka ta dafe ƙirji.

"Goge! Goge yanzun nan, ko wallahi ka sake ni!"

"Wa zai kwashe ki in na sake ki?"

"Haƙorana suna cikin kofi a lokacin! So kake ƙawayena su gan ni baki kamar tsohuwar jaka?"

"Ƙawayenki masu sauraron rok? Rabinsu ko tsawa ba sa ji."

"Gani ai suna gani, munafukai. Kuma ma aikin naka ƙarya ne. Baki na cewa ba mai kiransa gida, ido na ganin tsohuwa tana kiransa cin abinci. Hoton ya ƙaryata waƙar, ɗan boko."

Ya ajiye wasa gefe, don nan ne wurin.

"Shi ne ai, Kaka. Hayaƙin da firij ɗin duk maimaita waƙar suke yi. Ke kaɗai kika ba ta amsa. Yaron nan ba uwa ba kaka ya tashi. Da na nuna masa wurin nan kuka ya yi, ya ce tunda yake ba a taɓa zaginsa don ya zo ya ci abinci ba."

Kaka ta jawo kwamfutar. Ta ƙura wa ramammen ido, tausayi ya kama ta.

"Ko sau ɗaya?"

"Ko sau ɗaya."

Ta ja tsaki, ta share gefen ido da bakin zane, sai kuma ta fashe da dariya.

"Ka ci nasara, mummuna. Bar ni a ciki, ƙawayen su gani su mutu. Amma ka je ka ce da shi gobe da rana ina jiransa, kuma in ya makara ya shiga uku. Zagi dai a gidan nan ba zai sake rasa shi ba."