Rasuwar Faifan Masarautar Toka

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haushin da ya fi baƙin cikin yawa, mai askin nan na kusa da tasha, wanda abokan ciniki ke kira Reza, yana sanar da ’yan uwa da abokan arziki rasuwar faifan wasansa na bidiyo, Masarautar Toka. Ya cika a cikin shago, a gaban madubi, bayan jinyar da masu ƙera shi suka jawo masa.

Ba za a ɓoye alherinsa ba. Marigayi ya ɗauki mutumin da duniyarsa ba ta wuce kujerar aski ba, ya kai shi ƙasar da rana ta daina fitowa, inda matattun sojoji ke gadin gadoji. Takobinsa na da nauyi, in ka kai sara sai ka ji a kafaɗarka. Kuma ba ya mantuwa: ci amanar tsohuwa a ƙauyen farko, ’ya’yanta za su tare ka a ƙofar birni. Har yanzu Reza na jin ƙararrawarsa, guuum, duk lokacin da jarumi ya faɗi.

Jarumin nan kuwa Reza da yayansa direba suka zauna suka tsara shi, a ƙara gemu, a rage goshi, a sa tabo a gira, har ya fito da kamannin mahaifinsu. Tsohon ya rasu bai bar hoto ba. Ranar da innarsu ta leƙo shago ta dubi talabijin, sai ta ce, “Hancin dai nasa ne.”

Amma a faɗi gaskiya ko a kan gawa. Marigayi mugun hali gare shi. Ana tsakiyar faɗa sai ya juya maka ido ka koma kallon bango, dodo yana cin bayanka. Kafin ya buɗe ƙofa ɗaya, Reza ya gama yi wa mutum gyaran fuska. Jarumin da aka ce shi zai ceci duniya, sai a aike shi tsinko ganye, ya kawo, a sake aikensa. Duk Reza ya shanye, don mai son ɗan tsuntsu shi ke bin sa da jifa.

Ciwon ajali ya zo ne da sunan magani. Kamfanin ya turo gyara, ya ce zai kawar da matsaloli. Reza ya karɓa da hannu biyu, lokacin yana bakin fadar dodon ƙarshe. Hoto ya daskare, sauti ya koma tr-tr-tr kamar injin aski mai tsatsa. Da ya sake kunnawa, babu fada, babu takobi, babu fuskar tsoho. Marigayi ya dube shi kamar bai taɓa saninsa ba, ya nemi ya tsara sabon jarumi. Reza ya gwada. Yayan yana kan hanya, hancin ya ƙi fitowa. Iyalan ba sa musun cewa gwiwar maigidan, wadda ya karya faifan a kanta, ta taimaka wajen cikawar.

Ya rasu ya bar na’ura ɗaya da ta zama marainiya, da madanni biyu masu lotsattsun maɓallai, da uwargidan Reza, wadda ta karɓi labarin da haƙurin da ya yi kama da murmushi. Masu gyaran kuwa, Reza ya ce bai yafe ba.

Za a binne ɓangarorin faifan biyu gobe da hantsi, a aljihun tebur na ƙasa, kusa da matattun injinan aski. Ana karɓar gaisuwa a shago. Duk wanda ya zo da niyyar cewa “ai wasa ne kawai,” ana ba shi shawara ya faɗa daga bakin ƙofa, kada ya zauna a kujera, domin reza tana hannun mai makoki.