Rasuwar Gagara-Tabki, Jirgin Gidan Malam Talle

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Malam Talle mai injin niƙa na Hawandawaki yake sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar jirgin ruwan 'ya'yansa, Gagara-Tabki, wanda ya nutse ranar Talata da hantsi a tabkin bayan gari, yana da kwana ashirin da uku a duniya.

An haifi marigayin a tsakar gida, makon da aka ba da hutun lakwal, wato makaranta. Hafiza, 'yar shekara goma sha ɗaya, ita ta zana shi a ƙasa da tsinke. Ubanta, wanda sau ɗaya ya taɓa ganin kwalekwale, a Yamai, shi ya fere karan dawa ya ɗaure a kan gorunan roba biyu. Uwarsu Zara'u ta yanka buhun taki ta ɗinka masa tuta. Auta Ramla, mai shekara biyar, ita ta raɗa masa suna. Sau biyu yana kifewa a kwatarniya kafin ya koyi zama.

Marigayin mai haƙuri ne. Ya ɗauki tsakuwa, ya ɗauki goriba, ya ƙetare da kwaɗo ba da son kwaɗon ba. In an murɗa robar farfelarsa sai ya ce "ƙir-ƙir-ƙir", in an sake shi ya tafi yana "fal-fal-fal". Albarkacinsa Malam Talle, da bai saba zama gida ba, ya riƙa rufe injin da la'asar.

Ciwon ajali ya fara da ɗigo a gorar hagu. An liƙe da ƙaro, ya yi kamar ya warware. Ranar Talata, bayan ruwan da ya cika tabki, zaren da ake riƙe shi da shi ya tsinke. Malam Talle ya juya yana gaisawa da wani makiyayi. Ihun Hafiza ya ji: "Baba! Ramla ta bi shi!" Ko da ya waiga, ɗankwalinta kawai ke saman ruwa. Ya faɗa da rigarsa, ya laluba cikin taɓo har ya cafko ƙafarta. Tana aman ruwa a kafaɗarsa, tana miƙa hannu baya: "Baba, ai ka bar shi can."

Ya bar shi can.

Marigayin ya bar Hafiza, wadda ta ce ita ta ƙulla zaren, kuma tun ranar ba ta cin tuwo sai an matsa mata. Ya bar Zara'u, da ta hana a ambaci tabki a gidan. Ya bar Ramla da tari, an kai ta likita, da sauƙi. Ya bar Malam Talle, wanda ya san ba laifin zare ba ne.

Makiyayin ya kawo abin da ruwa ya turo: gora ɗaya da tutar. Za a binne su ranar Alhamis bayan la'asar, a gindin rumbu. Ana roƙon masu zuwa gaisuwa kada su yi wa yaran faɗa, kada kuma su zo da kara ko gora. In Ramla ta tambaye ku yaushe za a yi wani, ku ce ta tambayi babanta. Ta tambaye shi sau huɗu, har yanzu yana neman abin da zai ce.