Kawu Farfesa da Cokalin Ƙarshe

"Ba a haifi yaron da zai gagare ni ba," in ji Kawu Farfesa, yana gyara zaman tabarau. Farfesancin nasa kuwa, 'yar'uwa, wani kwas ne na tarbiyyar yara ya leƙa a waya, bai kai rabi ba data ta ƙare.

Ƙanwarsa ce hankalinta a tashe. Cikin 'yarta Auta ya ɗaure, sai kuka take, likita ya ba da maganin sakin ciki mai ɗan karen ɗaci. Yarinya ta furzar, ta ture, har saura cokali ɗaya a kwalba.

"Matsalarki rashin karatu," in ji shi. "Biyayya kamar tura mota ce. Ki sa yaro abu mai sauƙi, ya yi, ki yaba, ki ƙara wani. Da ya ɗau gudu sai ki jefo mai wuyar, ba birki."

"Yaya, ni dai kar ya zube."

Gogan ya durƙusa. "Auta, tafa." Ta tafa. "Taɓa hanci." Ta taɓa. "Buɗe baki." Sai ƙarƙashin gado.

Aka jawo ta ta ƙafa. Karo na biyu, tun a hanci ta arce. Na uku, yana ɗaga hannu ta shige bayan kujera. Yarinyar da ake aike ta je, yanzu ko sunanta ba ta amsawa.

"Tsarin ne ba ta gane ba," in ji sarkin sani, gumi na ɗiga. "Gwada a kaina ta gani."

Uwa ta tsiyaye kwalba a cokali. "Tafa." Ƙato ya tafa. "Taɓa hanci." Ya taɓa, har da murmushi. "Buɗe baki." Ya wangale. Ta matso da cokali don nuni kawai.

Daga bayan kujera Auta ta ce, "Sha."

Ai kuwa ba birki. Ƙwat, ya haɗiye.

Uwa ta ja mayafi ta tafi kemis tana share hawaye. Da ta dawo, Auta da kanta ta ce a ba ta irin na Kawu. Ta shanye, ta je ta tsaya a ƙofar banɗaki, inda Kawu ya shige tun ɗazu.

"Kawu, tafa."

Aka ji tafi daga ciki, a raunane.

"Kawu, fito."

Can wata 'yar murya ta ce, "Auta, wannan shi ne mai wuyar."