Ɗan Wanzami a Kujerar Likitan Haƙori

Ba zan taɓa mantawa da wata Talata ba, ko da kuwa na so in manta, don shekara sittin ke nan ina ƙoƙari abin ya gagara.

Lokacin Turawa ba su wani daɗe da zama a Kano ba, mutanen cikin birni gani suke duk wanda aka kai asibiti sai dai a bi shi da addu'a. Ni kuwa na gama makarantar Midil ke nan, ina ta yawo a Koki da littafi a hammata, ko gaisuwa sai na ga dama nake amsawa. Sai labari ya zo cewa an kawo wani Bature likitan haƙori asibitin En'e, wato na hukumar gargajiya, yana neman yaro ɗaya da za a tura Ikko ya koyo aikin. Ɗaya tak. Kuma ba mu 'yan Kano kaɗai ba, har daga Katsina da Zariya aka turo yara, muka taru mu ashirin da wani abu a kan gurbin nan guda.

Babana wanzami ne, haka ma kakana. Aski, ƙaho, kaciya, duk aikinsa ne, amma da cire haƙori aka fi saninsa. In haƙori ya hana mutum sakat a Koki ko Soron Ɗinki, zaurenmu ake kawo shi. Baba ya zaunar da shi a ƙasa, ya matse kansa tsakanin gwiwoyinsa, ya zaro awartaki daga zabira, kafin ka ce kwabo haƙori yana hannu. Sai dai Baba ya hango inda duniya ta dosa, shi ya sa ma ya saka ni boko lokacin da maƙwabta ke cewa ya sayar da ɗansa. Ranar da labarin nan ya zo ya kira ni ya ce, "Sana'ar gidan nan za ta koma hannun masu farar riga, ko mun so ko mun ƙi. To, gara mai farar rigar ya zama namu." Baba ba mai yawan magana ba ne, amma na san duk burinsa ya ɗora a kaina.

Abin da Baba bai sani ba (kuma ba wanda ya sani sai ni da Mahaliccina) shi ne damina biyu ina fama da kogo a haƙorina na tauna, can ƙurya ta dama. Ina cusa masa kanumfari, ina tauna da hagu, in ya motsa in ce kaina ke ciwo. Me ya hana ni faɗa? Tsoro, malam. Na sha riƙe wa Baba ƙafafun ƙarti, na san ƙarar da haƙori ke yi in zai rabu da ƙashi. Na gwammace in mutu da abina da in sa kaina tsakanin gwiwoyin nan.

Aka yi jarrabawar rubutu, lissafi da Turanci da sassan jiki. Da aka kafe sunaye mutum biyar suka rage, nawa ne a sama. Wayyo, ranar da kun ga tafiyata! Na ƙarshe a cikin biyar ɗin wani Habu ne, ɗan wani maɗinki a Soron Ɗinki, yaro shiru-shiru mai magana kamar ba ya so. A gaban mutane na ce masa, "Habu, wannan fa aikin jini ne, ba allura da zare ba. Mu a ciki aka haife mu." Ya yi murmushi kawai ya ce, "Allah ya ba mai rabo." Saura ganawa da likita ido da ido, ranar Talata.

Nan Gwaggo Asabe ta shigo maganar. Yayar Baba ce, ita ta goya ni, kuma ba ta yarda da cewa karatu kaɗai yana kai mutum ko'ina ba. Ta tafi Gwale wajen wani malaminta, ta dawo da jan goro guda, ƙato, ƙulle a bakin zanenta. Ranar Talata da safe ta tare ni a tsakar gida.

"An yi masa tofi na kwarjini," in ji ta. "Sai ka zo bakin ƙofa za ka sa a baki. Kada ka tofar, kada ka haɗiye tuƙar, sai ka haɗa ido da Baturen ya amsa gaisuwarka. Kuma Malam ya ce da dama za ka tauna."

"Gwaggo, da dama?"

"To da hagu ake abin alheri? Kai fa boko ya fara taɓa ka."

Yanzu mai hankali zai tambaya, wanda ya zo na ɗaya a rubutu me zai yi da goro? Ni ma na tambayi kaina. Amma gurbi ɗaya ne, mu biyar ne, kuma na tabbata sauran huɗun ma kowa da abin da tsohuwarsa ta ƙulla masa. Na ce ba za a bar ni a baya ba.

Mu biyar aka shigar tare, aka jera mu a jikin bango. Ɗakin na warin magani, ga wata kujera mai dogon baya a tsakiya, ga faranti cike da ƙarafa masu ƙyalli. A bakin ƙofa na jefa goron, na yi bismillah, na datsa da dama kamar yadda aka umarce ni.

Jama'a, ban san lokacin da hasken ɗakin ya ɗauke mini ba. Wani ɓallin goro ya shige cikin kogon daidai wa daida ya zauna. Zafin ya taso daga muƙamuƙi ya bi ta kunne ya fita ta tsakar ka. Hawaye ya cika mini ido, yawu ya cika mini baki, ga shi an ce kada in tofar.

Likitan dogo ne, siriri, mai sanƙo. Tare da shi akwai Malam Sule, ma'aikacin asibitin da ke yi masa tafinta in Turanci ya yi wa yaro nauyi. Da yake ni ne na ɗaya, da ni aka fara. Likita ya gaishe ni. Na buɗe baki in amsa da Turancin da na kwana bakwai ina gogewa, sai jan yawu ya silalo ta gefen bakina ya sauka a gaban rigata, sabuwar da Baba ya ɗinka mini saboda ranar.

Likita ya dube ni, ya dubi rigar, ya yi magana. Malam Sule ya ce, "Wai jini ne?"

Na girgiza kai.

"Wai kana da ciwon haƙori?"

Nan ne fa na kashe kaina da kaina. Idona na zuba, amma na daure na ce, "A'a, lafiyata ƙalau." Ya sake tambaya, na sake cewa a'a.

Sai ya nuna mini kujera.

Aka ba ni kwano na tofar da kwarjinin Gwaggo gaba ɗaya, aka ba ni ruwa na kurkure. Likita ya leƙa bakina sau ɗaya ya ɗago, fuskarsa har da ɗan annuri, irin na wanda ya yi tsintuwa. Malam Sule ya juya wajen sauran huɗun ya ce, "Likita ya ce Allah ya kawo muku majinyaci, ba sai an yi tambayar baki ba. Kowa zai zo ya duba ya faɗi abin da ya gani."

Haka na zama takardar jarrabawa. Ɗan Katsina ya leƙa ya kau da kai saboda wari, ya ce goro ne kawai. Ɗan Zariya ya zura mini ƙarfe har maƙogwaro ya nuna haƙorin da ba ruwansa. Na ukun dariya ta hana shi ganin komai. Sai Habu. Ya wanke hannu, ya dafa kafaɗata ya ce a hankali, "Yi haƙuri, ba zan taɓa wurin ba." Ya ɗan karkata kaina wajen taga, ya duba, ya ce na biyun ƙarshe ne a ƙasa ta dama, ya rube har ciki, dasashin ya kumbura, kuma ba ciwon jiya ko shekaranjiya ba ne. Likita ya gyaɗa kai, ya ce a yau za a cire, Habu ne zai riƙe kan.

Likita ya miƙa hannu kan faranti. Wallahi ba allura ya ɗauko ba, ba awartaki ba, ɗan madubin nan ne mai kama da cokali. Amma ni da na ga ƙyallin ƙarfe sai na ƙwalla ihu, "Wayyo Inna! Wayyo Gwaggo, za su kashe ni!" Ihun da sai da masu jiran magani a baranda suka leƙo ta taga, cikinsu har da wata mai ƙosai ta unguwarmu. Malam Sule ya riƙe ciki ya ce, "Ashe da gaske ne, wanzami ba ya son jarfa."

Cirewar kanta ban ji komai ba, an yi allura. Wannan ma wani abin kunyar ne.

Da aka gama, likita ya sa Malam Sule ya faɗa mini magana, kuma ya ce a faɗa da Hausa don kada wani abu ya wuce ni. Wai ruɓewar haƙori ba laifi ba ce, shi ma an cire masa biyu. Tsoro ma ba laifi ba ne. Amma ya tambaye ni sau biyu na ce lafiyata ƙalau, kuma wanda zai ɓoye ciwon da ke bakinsa, ranar da ya yi kuskure a bakin wani ma ɓoyewa zai yi. Habu aka ɗauka.

Na taho gida a ƙasa, baki cike da auduga, riga da jan tabo. Mai ƙosai ta riga ni isa, don tun daga bakin lungu yara ke cewa "Wayyo Gwaggo!" suna gudu. Na tarar da Baba a zaure shi kaɗai yana wasa aska. Na durƙusa. Na so ya zage ni, ko ya ɗauko bulala, da na ji sauƙi.

"Tun yaushe?" ya ce.

"Damina biyu, Baba."

Ya ɗago ya dube ni. Sannan ya ce, "Damina biyu kana cin tuwo a gabana da gefe ɗaya. Na duba bakin rabin Koki, ban duba na ɗana ba." Ya ajiye askar. "Buɗe in gani."

Na cire audugar na buɗe. Ya juya kaina wajen haske, ya duba, ya sake dubawa, ya taɓa gefen da ɗan yatsa.

"Bai fasa ƙashi ba," ya ce. "Ka ji zafi?"

"A'a, Baba."

"Ko kaɗan?"

"Ko kaɗan."

Ya gyaɗa kai ya sake ni. Daga ranar Baba bai ƙara cire wa kowa haƙori ba. Ya ci gaba da aski da ƙaho, amma in an kawo mai kumburarren kumatu sai ya ce, "Ku kai shi asibiti, can ba a jin zafi." Bayan shekaru, da Habu ya dawo daga Ikko, sai ya koma cewa, "Ku kai shi wajen yaron nan ɗan maɗinki, hannunsa da kyau." A gabana yake faɗa, ba da gatse ba, kuma wannan ya fi mini ciwo a kan duk dariyar unguwa. Ni kuwa na ƙare a malamin awo a rumfar gyaɗa, har na yi ritaya ban taɓa bakin kowa ba.

Gwaggo har ta koma ga Allah tana cewa goron ba shi da laifi, ni ne na tofar da wuri.

Abin da na koya, a makare, shi ne kafin ka nemi a ba ka izinin leƙa bakin mutane, ka fara buɗe naka a gida. Da na yi haka, da ihu ɗaya zan yi a zauren ubana, a gaban wanda zai rufa mini asiri.