Mushe Buba, Uban Janbaki

A duk ƙasar Arewa ba a yi ɗan boko kamar Mushe Buba ba, in ji Mushe Buba. Mushen nan na Faransanci ne, wato Malam. Akawu ne a ofishin gona na Dogon Dutsi. Da aka samu mulkin kai, Baturensa ya koma gida ya bar masa gādo: madubin hangen nesa mai ido ɗaya a fashe, da fitilar ƙwai. Tun ranar ya daina gaida mutane, sai tsuntsaye.

Matarsa Altine ce ta sha wahalar wannan ilimi. Kaka na yi, kullum asuba sai ya shanya farin zanenta a gonarsu ta Kiyeshe, ya kunna fitila, ƙwari su taru, ya bi su da allura yana raɗa musu sunayen Faransanci. Zane ya lalace, ta haƙura. Dawar ce ba ta iya haƙura da ita ba, don ita ce tuwon gidan na shekara.

In dawa ta fara nuna, kowa a Kiyeshe yana kan rumfa, yana jan igiyar gwangwanaye yana ihu don korar janbaki, tsuntsayen nan masu cinye hatsi. Mushe ya tsinke igiyar Altine.

"Silans, a yi shiru. Wanga haukan ƙauye ya ƙare a gonata. Sabon kumandan mai mulkin yankinmu za shi zo ganin aikina na nazarin tsuntsaye, kuma kujerar shugaban ofis ba kowa kanta."

"Maigida, to mi za mu ci?"

"Ke ciki kika sani. Ni siyans nika yi, aikin kimiyya."

Duk janbakin da aka kora daga gonakin maƙwabta suka sami masauki. Gona ta yi baƙi da su, Mushe ya ce ko tsuntsu ya san inda wayewa take. Altine kuwa baƙin ciki ya hana ta barci.

Kumandan ya iso da sassafe. Ashe ɗan manomi ne. Mushe ya sha kwat cikin raɓa, ya miƙa masa madubi, ya ja baya yana jiran yabo. Kumandan ya daɗe yana duban zangarniya, ko ƙwaya babu.

"Ka kyauta da ka nuna min wannan ɓarna, Mushe Buba," ya ce. "Wane sakarai ne mai gonag ga? Nemo min shi, in tara gari su gan shi."

Altine ta sunkuya tana ƙulla igiyarta. Mushe Buba ya karɓi madubinsa, ya kafa shi a ido, ya shiga hangen nesa yana neman mai gona.